KWAMFUTA TA SHIGA KARTA: SAMARIN NASARAWO SU YI HATTARA

Duk wanda ya san unguwar Nasarawo a cikin garin Gombe ya san karta ba baƙuwa ba ce a majalisun samari. Tun garin yana ƙarƙashin Jihar Bauchi, kafin a ba shi tasa jihar ran 1 ga watan Oktoba 1996, ake shimfiɗa tabarma bayan la'asar a raba Wot, wanda ya ci ya yi dariya, wanda aka cinye ya ce a sake. Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne kartar ta bar tabarma ta koma cikin wayar hannu, abokin wasan kuma ba lalle ne a san shi ba, wani lokaci ma babu tabbacin ɗan Adam ne. Sa'an nan kuɗi ya shiga ciki, domin akwai dandalin intanet da ake sa naira kafin a raba.

Tare da wannan sai ga wata magana tana yawo a shagunan cajin waya da teburan masu shayi, wai akwai na'ura ko manhaja da ke yi wa mutum lissafi har ta nuna masa hanyar da ba a taɓa cinye shi. Wasu ma sayar da ita suke yi, kamar yadda ake sayar da sakamakon ƙwallon da ba a buga ba tukuna. Rabin maganar gaskiya ne, kuma wannan rabin ne ya sa take da haɗari. Lalle kwamfuta tana iya nazarin dabarun karta fiye da kowane gwani. Amma abin da nazarin ya nuna, in an bi shi har ƙarshe, ba zai yi wa mai neman kuɗin dare ɗaya daɗi ba.

Kartar Wot ɗin nan da ake ganin kamar ta gida ce, wani Bature ne mai suna William Henry Storey ya ƙago ta a Ingila cikin shekarar 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta, ta zo Nijeriya ta sami gindin zama fiye da yadda ta samu a garinsu. Ƙwaya 54 ce. Mai ƙwallo 12, mai kusurwa uku 12, kuros 9, kafet 9, tauraro 7, sai Wot mai lamba 20 guda 5. Babu lamba 6, babu lamba 9. Lamba 2 ta sa abokin wasa ya ɗauki biyu, lamba 14 ta tura kowa kasuwa, sauran ƙa'idoji kuwa kowace majalisa da nata.

Daga wannan ƙidaya kawai, ba tare da wata na'ura ba, mai ilimin lissafi yana iya fitar da abubuwa masu amfani. Idan an raba biyar-biyar, hannu iri daban-daban da mutum zai iya samu sun kai 3,162,510, kuma kimanin 40 daga cikin kowane 100 suna ɗauke da Wot aƙalla guda ɗaya. Watau wanda yake ganin Wot tana yawan zuwa hannun abokinsa, har ya fara zargin asiri ko maguɗi, ya sani sau biyu cikin biyar haka abin yake ga kowa. Haka nan idan abokin wasa ya rage da kati ɗaya, mutum ya jefa Wot zai kira siffa, to in ba a san komai game da abin da ya wuce ba, yiwuwar katin nan ya zama mai ƙwallo ta kai wajen 23 cikin 100, ta tauraro kuwa 13 ce kawai. Tsofaffin 'yan karta sun daɗe da sanin haka a aikace, ko da yake ba za su iya faɗin adadin ba.

To amma akwai tambayoyin da alƙalami da takarda ba za su iya amsawa ba. Shin ya fi kyau mutum ya jefa lamba 2 da zarar ta samu, ko ya ɓoye ta sai abokinsa ya kusa gamawa? Shin a riƙe Wot har ƙarshe, alhali in wani ya riga shi gamawa ashirin za a lissafa masa? Hanyoyin da kati 54 za su iya jeruwa, in an rubuta adadinsu, lamba ce mai gurbi 72. Ba mahalukin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ko da kwamfutar duniya duka aka haɗa.

Nan ne dabarar kwaikwayo take shigowa. A rubuta wa kwamfuta ƙa'idojin wasan, a ƙirƙiro mata 'yan wasa biyu na ƙarya, ɗaya mai gaggawar jefa lamba 2, ɗaya mai ɓoye ta, sa'an nan a ce ta cakuɗa, ta raba, ta buga, ta rubuta wanda ya ci, ta sake. Abin da majalisa za ta shekara tana bugawa, ita cikin ƙiftawar ido ta gama. Idan ta buga wasa 10,000, sakamakon da ta bayar ba ya cika kaucewa gaskiya da fiye da kashi 1 cikin 100. In ana son ƙarin tabbaci sai a ƙara yawan wasan. Ba duba ba ne, ba kuwa tsafi ba, ƙidaya ce tsagwaronta.

Wani abin sha'awa shi ne, asalin wannan dabara daga karta ya fito. A shekarar 1946 wani masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Folan, Stanislaw Ulam, yana jinya a Amurka, yana ɗebe kewa da irin kartar nan da mutum yake bugawa shi kaɗai, sai ya so ya san sau nawa take fita daidai. Lissafin ya gagare shi, sai ya ga ai ya fi sauƙi a buga sau ɗari a ƙirga. Ya kai wa abokinsa John von Neumann shawarar, suka ɗora ta a kan kwamfutar nan ta farko-farko mai suna ENIAC domin binciken makamashin nukiliya, aka laƙaba wa dabarar sunan Monte Carlo, wata unguwar 'yan caca a ƙasar Monako. Yau da ita ake ƙiyasta haɗarin ambaliya a madatsun ruwa, da ita kamfanonin inshora da bankuna suke auna asara, da ita masana cututtuka suke hasashen yaɗuwar annoba.

Masu tallar manhajar cin kuɗi, waɗanda suka ɗan yi karatu daga cikinsu, sukan kafa hujja da labarin Edward Thorp. Labarin gaskiya ne. Thorp malamin lissafi ne a jami'ar MIT ta Amurka, ya yi amfani da kwamfuta ƙirar IBM 704 ya nazarci wata karta ta gidajen caca da ake neman haɗa 21, ya gano cewa idan ƙananan katuna sun fita da yawa, manya suka rage a cikin tarin, to rinjaye yakan koma hannun mai wasa. Ya je ya gwada ya ci kuɗi, ya kuma wallafa littafi a kan haka a shekarar 1962. Sai dai masu ba da labarin a nan sukan tsaya. Ba sa faɗin cewa dabarar ta dogara ne kacokan a kan abu ɗaya, watau a ci gaba da rabo daga tari ɗaya ba tare da an sake cakuɗawa ba. Masu gidajen caca da suka farga sai suka riƙa haɗa fakiti da yawa wuri ɗaya, suna yawaita cakuɗawa, suna kuma korar duk wanda suka lura yana ƙirga. Kartar da ake bugawa da kamfani a cikin waya kuwa, na'ura tana iya sake cakuɗa ta bayan kowane zagaye ba tare da ɓata ko daƙiƙa ɗaya ba. Ƙofar da Thorp ya shiga an toshe ta da siminti tun kafin a haifi samarin da ake yi wa wannan romon baka.

Saura wasan da mutum yake yi da mutum ɗan'uwansa, kamar Wot, inda gwaninta take da tasiri. A nan ma lissafi yana da abin faɗa. A ƙaddara wani gwani ne da ke cin wasa 55 cikin kowane 100, wanda kuwa ba ƙaramin fifiko ba ne a wasan da rabo yake da ƙarfi. Idan ya zauna ya buga goma kawai, sau ɗaya cikin huɗu zai tashi an cinye shi fiye da yadda ya ci, kusan sau ɗaya cikin huɗu kuma a yi kunnen doki. Ashe gwanintar ba ta bayyana sai a doguwar tafiya, aljihun ɗan acaɓa ko yaron shago kuwa ba ya jure doguwar tafiya. Bugu da ƙari mai dandalin yana yankar kamasho a kowane wasa, ko wa ya ci. In mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suka yini suna bugawa, kuɗin zai yi ta kai da kawowa tsakaninsu yana raguwa kamar ƙanƙara a hannun yara, har a wayi gari su duka biyu babu, mai dandali ne da riba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar da hankali, wanda ya kamata a yi ta nanata shi a Nasarawo da Bolari da Pantami da Jekadafari da ko'ina. Da can ana cewa kwamfuta tana iya wasannin da komai yake a fili ne kawai. Ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya na wasan ces, a 1997. A 2002 wasu masana biyu a Amsterdam suka warware wasan nan na Afirka mai ramuka goma sha biyu, ɗan'uwan wanda Yarbawa suke kira ayo, bayan sun bi matsayi sama da biliyan 889, suka tabbatar cewa in kowa ya buga daidai canjaras ake yi. Amma karta, in ji masu wannan ra'ayi, tana da ɓoye da yaudara da karanta fuska, don haka ta fi ƙarfin inji. Wannan zance ya rushe. A watan Janairu 2015 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada suka sanar cewa manhajarsu mai suna Cepheus, wadda ta shafe wata biyu tana bugawa da kanta, ta ƙure wani nau'in wasan poka na mutum biyu. A Janairu 2017 wata mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta zauna da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh kwana 20, aka raba hannu 120,000, ta lallasa su duka. A 2019 ƙanwarta Pluribus ta yi haka a teburin mutum shida. Kwana 8 kacal aka yi ana horar da ita, kuɗin hayar kwamfutar da aka yi aikin da ita bai kai dala 150 ba, kuma waɗanda suka ƙera ta suka ƙi sakin sirrinta saboda tsoron abin da za ta yi wa masu wasan kuɗi a intanet.

To in poka, wadda manyan attajirai suke zuba miliyoyi a kanta, ta faɗa hannun inji da wannan araha, ina ga Wot? Saurayin da ya sa naira 500 yana fafatawa da wani suna da hoto a fuskar waya, da me zai tabbatar cewa mutum ne a can, ba inji ba ne da ba ya mantuwa, ba ya fushi, ba ya gyangyaɗi, ya kuma haddace duk katin da ya faɗi tun farkon wasa? A kan tabarma ana ganin hannun mai rabo, in ya yi wata 'yar murɗiya a kama shi a yi masa ihu. A cikin waya ba abin da ake gani sai abin da aka ga dama aka nuna.

Wannan ba zargi ba ne na banza, an taɓa gani. A 1999 wasu masu binciken manhaja a Amurka suka duba yadda wani dandalin poka mai suna PlanetPoker yake cakuɗa karta, suka tarar da agogon kwamfutar yake dogara, har ya zama da sun ga kati biyar sai su san sauran duka, na hannun kowa da waɗanda ba a buɗe ba. A 2007 kuma aka bankaɗo cewa a dandalin Absolute Poker akwai wani na cikin gida da yake ganin katunan abokan wasansa. Abin lura shi ne yadda aka kama shi. 'Yan wasa ne suka tattara tarihin wasannin, suka auna da lissafi, suka nuna cewa irin wannan sa'a ba ta yiwuwa ga mai wasa na gaskiya. Ilimin da ɓarawo ya yi sata da shi, da shi aka kama shi.

Da yake karta da sauran caca duk a waya ɗaya suke zaune, kuma wanda ya fara wannan yakan zarce waccan, ya kamata a ɗan leƙa can. A cacar lamba da ake zaro 5 daga cikin 90, wanda ya zaɓi lamba biyu yana da damar ci sau ɗaya cikin 400, alhali abin da aka saba biya ninki 240 ne. Ma'ana duk naira 100 da jama'a suka zuba, wajen naira 40 ba ta dawowa. Tikitin ƙwallo mai wasa goma a jere, in kamfani ya tsakuri kashi 5 cikin 100 a kowane wasa, shi ma wajen kashi 40 ne yake tafiya. Masu dabarar ninkawa kuwa, watau in an cinye ka ka ninka, su lissafa: wanda ya fara da naira 100, in aka cinye shi sau goma a jere ya yi asarar naira 102,300, kuma sai ya fito da naira 102,400 a karo na sha ɗaya domin ya ci ribar naira 100. Duk kwamfutar da aka ba wannan dabara ta kwaikwaya, hoto ɗaya take zanawa, ƙananan nasarori masu yawa suna hawa sannu-sannu, sa'an nan rami ɗaya ya haɗiye su duka. Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Game da hukunci, ba a bar kowa cikin duhu ba. Alƙur'ani mai girma ya haramta caca a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, malaman Kirista su ma suna wa'azi a kanta, saɓanin da ke akwai tsakanin malamai a kan wasan da ba kuɗi a cikinsa ne kawai. Sai dai wa'azi ya daɗe ana yi, shagunan kuma ba su ragu ba, domin saurayin da ya yi imani cewa shi ya fi kamfani wayo yakan ce zai tuba bayan ya ci babba. Irin wannan, ban da ayar da za a karanta masa, yana bukatar a zaunar da shi gaban allo ya ga dabarar tasa an buga ta sau dubu ɗari, ya ga inda jarinsa ya ƙare. Malamin da ya haɗa nassi da ƙidaya ya fi kusa da shawo kansa.

Wasu dattawa za su ce maganin abin shi ne a hana karta gaba ɗaya, ta tabarma da ta waya, a kuma rufe shaguna kamar yadda Hukumar Hisba ta yi a Kano a 2024. Rufe shago yana da amfaninsa, ko ba komai ya rage wa yara ƙanana ganin abin a bakin hanya. Amma shagon da yake cikin aljihu fa? Wanda aka kora daga bakin titi zai shiga ɗaki ya ja ƙofa, uwarsa tana tsammanin karatu yake yi. Kuma hana yaro sanin yadda karta take aiki ba zai kare shi daga mai dandali ba, wanda shi ya ɗauki ƙwararrun masana lissafi aiki yana biyansu albashi.

Gombe ba ta rasa inda za a yi wannan aiki ba. Ga Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, ga Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a cikin gari. Rubuta manhajar da za ta kwaikwayi Wot ba ya bukatar dala ko injin waje, ɗalibin ajin ƙarshe mai ƙaramar kwamfuta da harshen Python, wanda kyauta ake samunsa, zai iya gama shi cikin zango ɗaya. Maimakon a yi ta kwafo ayyukan kammala karatu da ba mai karantawa, me zai hana a ba ɗalibai wannan, su gwada dabarun da 'yan majalisa suke gardama a kansu, su fassara sakamakon da Hausa da Fulatanci, a karanta a gidan rediyo? Ɗalibin da ya iya wannan, gobe shi ne zai iya lissafa wa manomin masara a Kwami ko Akko haɗarin yin shuka da ruwan farko, ko ya auna wa hukuma abin da zai faru a ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar Dadin Kowa in ruwa ya yi yawa shekara biyu a jere. Dabarar ɗaya ce, katunan ne kawai suka bambanta. Malaman sakandare su ma, da suke fama da koyar da babin yiwuwa da misalan da yara ba su taɓa gani ba, ga fakitin Wot nan a kowane kanti.

Ita kuma Gwamnatin Jiha ba ta da sauran uzurin cewa abin na Abuja ne. Ran 22 ga watan Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta soke aiki da dokar caca ta ƙasa ta 2005 a cikin jihohi, ta ce ikon tsara wannan harka na majalisun jihohi ne, Gwamnatin Tarayya ba ta da hurumi sai a Babban Birnin Tarayya. Saboda haka Majalisar Dokoki ta Jihar Gombe ce za ta yanke shawara, ko ta hana, ko ta tsara. In ta zaɓi hanawa, ta faɗi yadda za ta yi da na cikin waya. In kuwa ta bar wani kamfani ya karɓi kuɗin mutanen jihar, to mafi ƙarancin abin da za ta gindaya masa shi ne ya rubuta ɓaro-ɓaro, da Hausa, kashi nawa yake yanka a cikin kowace naira 100, ya bayyana ko akwai inji a cikin 'yan wasansa, ya hana yaran da ba su kai shekara 18 ba, ya kuma miƙa tarihin rabon kartarsa ga masana masu zaman kansu su auna. Kansilan Nasarawo da ɗan majalisar da ke wakiltar unguwar su ne ya kamata su fara ɗaga wannan magana, tun da samarin da ake tatsa ƙuri'arsu ce ta kai su kujerun da suke kai.